Zabuwa Mai Ƙafa Uku

Aikin da aka ba ni a shekarar nan shi ne in bi tsofaffin mazauna birni in naɗi muryarsu. Ɗakin karatu na jami'a ne ya shirya abin, wai ana so a ajiye yadda mutane suke ganin garin da bakinsu. An ba ni 'yar rikoda da ba ta fi sabulun wanka girma ba, da tambayoyin da muke yi wa kowa: yaushe ka zo, me ka fara gani, ina ka fi so, ina kake gudu. Yawancin mutane amsarsu ɗaya ce. Da can akwai kunya da zumunci, yanzu sai hayaniya da hayaƙin mota. Har na kai ina iya faɗin amsar kafin mai ita ya buɗe baki.

Wata nas da muke zaune a bene ɗaya da ita ce ta tare ni a matakala, ta ce, "Ke da kike neman tsofaffi, ga tsoho a ɗakina kina wuce shi kullum. Babu layin da Babanmu bai shiga ba a garin nan. Sai dai ki zo da haƙuri, don in ya ɗauko zance sai ya yi masa shafi biyu."

Ashe laƙabinsa ke nan, Shafi-biyu. Mai fenti ne, kuma duk tsawon aikinsa bai taɓa yarda ya bar bango da shafi ɗaya ba, ko da mai gida ya ce ya isa haka.

Na same shi da hantsi a ɗan ɗakin da ke kusa da baranda, yana zaune a bakin gado, sandarsa a jingine da gwiwa. Gajere ne, siriri, yana da tari irin na wanda ya daɗe yana shaƙar tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. A gefen faratansa akwai farin da sabulu ya gaji da shi ya ƙyale. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, amma idonsa ba a kaina yake ba. Bangon da ke bayana yake kallo. Daga baya na gane haka yake yi wa kowa.

Na kunna rikoda na ce, "Baba, da ka fara shigowa garin nan, me ka fara gani?"

Ya ce, "Bango."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "Ba wasa nake ba, 'yata. A bayan babbar mota na shigo, an lulluɓe mu da tamfol saboda ruwan sama. Da aka yaye tamfol ɗin, bango ne a gabana, dogo, an shafa masa shuɗi. Na taɓa shi da hannu na ga bai bar mini komai a tafi ba. Na ce a raina, lallai mutanen nan sun iya abu."

Kawunsa magini ne ya kawo shi yana matashi, ya sa shi kwaɓa siminti. Bai yi ƙarfin aikin ba, buhu ɗaya sai ya kayar da shi, sai kawun ya miƙa shi ga wani mai fenti da suke aiki a gini ɗaya. A hannun wannan ogan ya koyi goge bango da samfefa, da toshe rami da fila, da yadda ake riƙe buroshi a bakin silin ba tare da hannu ya yi rawa ba. Da ogan ya tsufa ya bar masa tsani da bokitai, ya kuma bar masa dillalan gidajen haya da yake yi wa aiki. Daga nan rayuwarsa ta ɗauki hanyar da ta bi har ƙarshe. Ɗan haya ya tashi, dillali ya aiko masa da makulli, ya je ya shafe ɗakin, ya mayar da makulli, wani ɗan hayan ya shiga.

"Kin ga," in ji shi, "garin da kuka sani daban, wanda na sani daban. Ku kun san mai mutane. Ni nawa babu kowa a ciki. Ina shiga bayan an fita, ina fita kafin a shigo. Ɗakunan da na shiga a garin nan ba za su ƙirgu ba, amma ba a taɓa ce mini sannu da zuwa a ko ɗaya ba."

Na tambaye shi ko abin bai dame shi ba. Ya ce da farko har waƙa yake yi don ya ji murya. Daga baya ya daina, don ya lura ɗakin da babu kaya yana mayar wa mutum da muryarsa a wata irin siga, kamar wani ne yake kwaikwayonka daga bayan ƙofa.

Amma ya ce mutanen ba sa tafiya gaba ɗaya. Inda aka rataye hoto, wurin yakan fi sauran bangon haske. Inda gado ya zauna, akwai maiƙon kai a bango, kuma daga tsayinsa yakan san mai gadon dogo ne ko gajere, mutum ɗaya ne ko biyu. Yakan ga inda aka riƙa auna tsayin yaro da fensir, layi bisa layi, sai kuma layin ya tsaya. Yakan ga inda aka jefi bango da kofi. Ya taɓa shiga ɗakin da aka toshe kowace kafa ta taga da tsumma da takarda, har ramin makulli, ya ce ranar bai iya cin abinci ba.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," ya ce. "To ni aikina toshe tsagar. Ƙadangarun garin nan duk sun san ni, ba ma ga maciji."

Ya yi aure, suka zauna a ɗaki ɗaya a bayan wani gareji, aka haifi maƙwabciyar tawa, wadda muke kira Nas, da ƙannenta biyu. Matarsa ɗinki take yi a gida. Ta rasu shekarun baya, kuma duk lokacin da zai ambace ta sai ya ce "uwar yaran nan".

Da muka zo tambayar ina yake gudu a garin, sai ya juya sandarsa a hannu ya ce, "Abin naki yana ɗauka?" Na ce yana ɗauka. Ya ce, "To bari in ba ki labarin Bahago."

Bahago ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke bin sa. Da hagu yake komai, shi ya sa sunan ya bi shi. Dogo ne, yana da tabo da ya raba girarsa ta dama biyu, tun ranar da ya faɗo daga katanga suna yara. Tabarma ɗaya suka kwana a kai har suka girma. Bahago yana da wata ɗabi'a: in ya kwanta ya juya fuska ga bango, sai ya sami ƙusa ko tsinke ya riƙa zana zabuwa a ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun mai kwance yake kaiwa. Yakan yi mata ɗige-ɗigenta tsaf, amma ƙafa uku yake ba ta. Mahaifinsu ya taɓa tambayarsa dalili, ya ce don ta fi sauran gudu. Aka yi ta yi masa dariya a gida, har abin ya zama zolaya.

Bahago ya biyo yayansa birni yana da shekara ashirin da 'yan kai, lokacin Nas tana goye. Ya kwana a garejin da ke gabansu, ya ɗan taya aikin fenti, amma warin yana sa shi ciwon kai. Mutum ne marar magana, ba ya faɗa da kowa. Abin da ya mallaka jaka ɗaya ce da ƙaramar rediyo. Wata safiya ya sha shayi tare da su, ya ɗauki jaririyar ya yi mata wasa, ya ce, "Yaya, zan je in duba wani aiki da aka faɗa mini a wajen tasha." Ya rataya jakarsa ya fita. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Aka neme shi sama ko ƙasa. Asibitoci, ofishin 'yan sanda, tashoshin mota, har ɗakin ajiye gawa Baba ya shiga, aka riƙa jawo masa mutanen da ba nasa ba. Aka aika gida ko ya koma, aka ce ba a gan shi ba. Mahaifiyarsu ta rasu tana tambayarsa.

"Shekara ta zagayo, wata ta zagayo," in ji Baba, "har na fara saba wa rashinsa. Ran nan aka ba ni makullin wani ɗaki a can bayan masana'antar katifa. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya. Na share, na durƙusa ina goge ƙasan bango da samfefa. Sai hannuna ya ji wani abu. Na hure ƙurar. Zabuwa ce, 'yata. Da ɗige-ɗigenta, da ƙafafunta uku. Kanta yana kallon dama, yadda bahagon mutum yake zanawa."

Ya ce ya daɗe a durƙushe bai motsa ba. Sannan ya fita ya buga ƙofar maƙwabta. Wata mata ta ce ai saurayin da ke ɗakin bai daɗe da tashi ba, ko mako bai cika ba. Dogo, mai tabo a gira, ba ya magana, kullum rediyonsa a kunne ƙasa-ƙasa. Ina ya koma? Ba ta sani ba. Ina yake aiki? Tana jin kamar a gidan burodi. Baba ya bi gidajen burodin unguwar ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san shi. Dillali kuwa ya ce shi ta hannun wani aka kama ɗakin, wanin kuma ya bar gari.

Ranar ya koma gida da murna, don ko ba komai ƙanensa yana raye. Uwar yaran ta yi kuka, ta ce tunda yana garin ai wata rana za a yi kiciɓis.

Ba a yi ba. Sai dai bayan 'yan shekaru, a wata unguwa da ke ɗaya ƙarshen garin, a hawa na uku na wani bene, ya sake durƙusawa da samfefa ya sake samun ta. Nan ma aka ce bai daɗe da tashi ba. Nan aka ce a tasha yake aiki. A wani wurin kuma, daga baya, aka ce a maɗaba'a. Kowane gida da sana'ar da suka ba shi, amma kamanninsa ba sa canzawa: dogo, tabo a gira, jaka ɗaya, rediyo. Yana gaisuwa, yana taya mata ɗaukar ruwa zuwa sama, ba ya karɓar baƙi, ba a taɓa jin ya yi tari ba balle faɗa.

Na ce, "Baba, sau nawa ka same ta?"

Ya ce, "Ban riƙe lissafi ba. Sun dai fi yatsun hannuwana. Kuma ki sani, ba ni nake zaɓar ɗakin da zan shafa ba. Makulli ake miƙo mini. Masu fenti nawa ne a garin nan? Na tambayi abokan sana'a, ko mutum ɗaya bai taɓa cin karo da ita ba. Ni kaɗai."

Nas ta shigo da ruwa a faranti a daidai nan, ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Da alama ta sha jin labarin.

Baba ya ce abin da ya fara hana shi barci ya zo ne lokacin da furfura ta cika masa kai. Ya samu zabuwar a wani ɗaki kusa da layin dogo, ya fita ya tambayi wani tela da ke da shago a ƙofar gidan. Ya ce masa, "Dattijon da ya tashi daga ɗakin nan, ko ka san inda ya nufa?" Tela ya ce, "Wane dattijo? Yaro ne ai. Bai fi ashirin da biyar ba." Baba ya ce a'a, mai tabo a gira. Tela ya ce shi fa, mai tabo a gira, mai miƙo kuɗin ɗinki da hagu, har ya taɓa yi masa faɗa a kan haka.

"Sai na tuna," in ji Baba, "ashe duk gidan da na je, saurayi suke cewa. Ni ne ban taɓa saurara ba. Ina tsufa, ina ɗauka shi ma yana tsufa."

Nas ta ce, "Baba, na sha faɗa maka, wataƙila ɗansa ne. Ya yi aure a wani wuri, ya haifi mai kama da shi, ya koya masa zanen. Kowa ya ga zabuwa ai da zanenta ya gan ta."

Ya ce, "Har da tabon ya haifa masa?"

"Mutum nawa ne masu tabo a gira?"

"To na ji. Ɗan ma ai ya ci a ce ya fara furfura yanzu."

Ta ɗauki farantinta ta fita tana cewa ita dai ta gaji, gardama da Baba sai wanda ya ci ya ƙoshi. Ya bi ta da kallo yana murmushi, ya ce, "Halin uwarta ne. Ita ma haka ta ce in daina tambaya, wai in mutum ya ɓuya shekara da shekaru, ba ya son a same shi ne. Na daina tambayar maƙwabta. Amma durƙusawa ban daina ba. Duk ɗakin da na shiga, kafin in buɗe bokiti sai na bi ƙasan bango da tafin hannu."

Da farko yakan cike zanen da fila ya shafe, don aikinsa ke nan. Daga baya ya ce hannunsa ya ƙi. Sai ya riƙa bin ta da tsinkakken fenti, yadda wanda ya kwanta a wurin zai iya jin ta da yatsa. Nan ne kaɗai a duniya, in ji shi, Shafi-biyu ya yi shafi ɗaya.

Aikin ya ƙare masa ne ranar da tsani ya zame da shi a wani falo da babu kowa. Ƙugunsa ya karye. Ya kwanta a ƙasa tun safe yana kira, muryarsa tana dawo masa, har sai da dillali ya zo karɓar makulli da la'asar. Tun daga nan Nas ta ɗauko shi ta dawo da shi wurinta.

Da na kashe rikoda zan tashi, ya riƙe bakin mayafina ya ce, "'Yata, ke kina shiga gidaje masu mutane a ciki. Ni ban taɓa samun wannan ba. In kin gama tambayoyinki, ki ƙara ɗaya. Ki ce ko sun taɓa zama da wani saurayi dogo mai tabo a gira."

Na ce to, don kunya. Ban yi niyyar yi ba. Amma a hira ta gaba, da wani tsohon direban bas, da muka gama sai na ji tambayar ta fito daga bakina. Ya ce bai sani ba, sannan ya ce shi ma yana da ƙanwa da ta fita sayen magani ba ta dawo ba. Mutumin da ya shafe awa guda yana yi mini zancen tsadar mai, sai ga shi yana share ido da hula. Daga ranar na riƙa yin tambayar a ƙarshen kowace hira. Kusan kowa yana da wanda garin ya haɗiye masa: ɗa, miji, abokiyar aiki, maƙwabcin da aka wayi gari ɗakinsa a buɗe. Ba sa faɗa in an tambaye su yadda suke ganin birni. Sai an tambaye su wani ɓataccen da ba nasu ba.

Mutum biyu sun ce kamar sun san mai tabon, amma tun da daɗewa. Ta ukun wata tsohuwa ce mai wanki da guga, a hawa na huɗu na wani tsohon bene kusa da kasuwar kayan gyaran mota. Ina naɗe wayar caji na yi mata tambayar, ba tare da na sa rai ba. Ta ɗora dutsen guga a gindinsa ta ce, "Wannan ai maƙwabcina ne. Ga ƙofarsa can a ƙarshen baranda. Yaron kirki, shi yake hawo mini da ruwa. Kin ji rediyonsa ma."

Na kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa ana karanta labarai. Na ce mata shekararsa za ta kai nawa? Ta ce, "Sa'an jikana ne, bai yi aure ba tukuna." Ban iya zuwa na buga ƙofar ba. Na sauko ina riƙe da ƙarfen matakala.

Na fara gaya wa Nas, a tsaye a kicin ɗinta. Ta ce kada in faɗa masa, hawan jininsa ba ya son irin wannan. Ba mu san yana bakin ƙofa da sandarsa ba. Ya ce, "Ku nemo tasi."

Washegari da rana tsaka muka tafi, ranar hutun Nas. Baba ya sa fararen kayansa, ya sa turare. Da muka isa ya ɗaga kai ya dubi benen, ya ce ya taɓa shafa ɗakuna biyu a cikinsa, da can launin ƙasa ne. Ya gwada matakalar farko, ƙugun ya ƙi. Wani mai sayar da batir a ƙasan benen ya ba shi benci, muka zaunar da shi a inuwa daidai bakin ƙofar shiga, muka ce zai ga duk wanda muka sauko da shi.

Matakalar ɗaya ce, ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya jingina da bango. Muka hau, Nas a gaba ina biye. Ba mu gamu da kowa ba, ko kyanwa. A hawa na huɗu muka bi baranda har ƙarshe. Ga takalmin roba a ƙofar, an jera shi tsaf, babba, na dogon mutum. Ga rediyo yana magana a ciki. Ƙofar kuwa da kwaɗo a rufe ta waje.

Nas ta buga duk da haka. Ta sake bugawa, ta ce, "Salamu alaikum, ko da mutum?" Rediyon ya ci gaba da abinsa. Mai wanki ta leƙo daga ɗakinta da riga a hannu, ta gane ni, ta ce, "Af, kun yi saɓani. Yanzun nan ya sauka, ko ƙofata bai gama wucewa ba na ji takunku. Ai kun haɗu a matakala."

Nas ta ce, "Ba mu haɗu da kowa ba, Inna."

Tsohuwar ta ce, "To ta ina zai bi? Fiffike gare shi?" Ta yi dariya ta koma gugarta.

Nas ta dube ni, na dube ta. Sai ta juya da gudu, na bi ta, muna tsallake matakala bibbiyu.

Baba yana nan a kan benci yadda muka bar shi, sandarsa a kwance bisa cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Fuskarsa a sake take. Nas ta durƙusa a gabansa tana haki ta ce, "Baba, wani ya fito?"

Ya ce, "Ya fito."

"Ka gan shi? Shi ne?"

Ya ce, "Sandata ce ta faɗi. Ina ƙoƙarin ɗauka sai ga mutum ya sunkuya ya ɗauko mini. Da hagu ya miƙo. Na ɗaga kai na dube shi, shi ma ya dube ni, ido cikin ido. Ya ce, sannu Baba, a riƙa kula. Ya wuce."

"Da tabon?"

"Da tabon."

Nas ta miƙe tana dube-dube a titi. Rana ta take, mutane sun cika layin maƙil, masu tura baro, masu ɗauke da taya a ka, 'yan makaranta, kowa da inda ya nufa. Ta tambayi mai batir, ya ce shi yana ciki yana gwada wa wani kaya, bai lura ba. Ta dawo ta ce, "Don Allah Baba, me ya sa ba ka riƙe shi ba? Me ya sa ba ka kira sunansa ba?"

Ya ce, "Baba ya ce mini. Bai ce Yaya ba." Sannan ya ce, "In shi ne, bai gane ni ba, kuma ba laifinsa ba ne, dubi yadda na koma. In ba shi ba ne, me zan ce wa ɗan mutane?"

Nas ta ce to mu zauna mu jira, ai dole ya dawo, takalminsa da rediyonsa suna sama. Ni ma na ce haka. Baba ya girgiza kai, ya dafa kafaɗarta ya miƙe.

"A'a. Ku kai ni gida. Kuma ku ji ni da kyau, ke da ƙawarki, kada wadda ta sake zuwa nan. Duk inda na taɓa isa, ya riga ya tashi. Yau na zo na tarar da takalminsa a ƙofa. Yana da maƙwabciya da ta san shi, yana hawo mata da ruwa. Ku bar shi ya zauna wuri ɗaya."

A hanyar komawa ya sa direba ya sauke gilashi, ya riƙa nuna mana gidaje da sandarsa: wancan ya shafa, wancan ma, wancan mai gidan rowa gare shi, sai da ya sa aka tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar nono. Direban ya yi ta dariya. Nas ta juya fuska ga ɗaya tagar har muka iso.

Ya ƙara shekara biyu da wani abu a duniya. Nakan leƙa shi in na dawo daga aiki, mu gaisa, ya tambaye ni tsofaffin da na naɗa, ya yi musu gyara in sun faɗi launin wani gini ba daidai ba. Bai sake ɗauko zancen Bahago ba, mu ma ba mu ɗauko ba. Ya rasu da safe, bayan ya sha shayi, Nas tana shirin fita aiki.

Hirarsa tana ɗakin karatu tare da sauran, duk mai so zai iya zuwa ya saurara. Shugabar aikinmu ta tambaye ni ko zan koma wurin mai wankin nan in ƙarasa hirarta, don akwai tambayoyi biyu da na tsallake. Na ce mata a tura wani, amma a ce masa ya tsaya a kan tambayoyin da aka rubuta.